Horon ɗalibai a binciken tafkuna

Horon ɗalibai a binciken tafkuna wani tsari ne na koyo a aikace, inda ɗalibin da bai kammala digirin farko ba yake barin aji na wasu makonni ko watanni, ya je bakin tafki, madatsar ruwa ko fadama, ya yi bincike a ƙarƙashin kulawar malami ko ƙwararren ma'aikaci. A can yake koyon auna ruwa, ɗibar samfuri, tantance kifaye da tsirrai da ƙananan halittu, da rubuta rahoton abin da ya samu. A Amurka da Turai ana yin wannan horo a dogon hutun tsakiyar shekara, tsakanin Yuni da Agusta. A Najeriya kuwa, yana zuwa ne ta shirin SIWES, wanda ɗalibai suka fi sani da IT, da kuma binciken kammala digiri. A kudancin Jihar Jigawa, musamman ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, ruwayen da wannan aiki ya shafa su ne tafkunan gefen kogi, ƙananan madatsun ruwa, fadamu da kududdufai, waɗanda akasarinsu ke cika da damina su janye da rani.

Ma'anar kalmomi

Fannin kimiyyar da ke nazarin ruwayen cikin ƙasa, wato duk ruwan da ba na teku ba, ana kiran sa limnoloji. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girka, inda limne ke nufin tafki ko fadama. Fannin ya haɗa ilimin halittu, ilimin sinadarai, ilimin ƙasa da na yanayi, domin abin da ke rayuwa a cikin ruwa ya dogara ne da zafinsa, zurfinsa, haskensa da abin da ke kwararowa cikinsa daga tudu.

Hausa tana da kalmomi daban-daban na ruwaye, kuma ɗalibi yana buƙatar bambance su tun kafin ya fita fili:

Tafki ko tabki: ruwa mai faɗi da ke zaune wuri ɗaya, ko ya shekara ko ya ƙafe.

Kududdufi: ramin da aka haƙi ƙasar gini ko ta aikin hanya, ruwan sama ya taru a ciki.

Fadama: ƙasa mai kwari da ruwa ke malalewa da damina, ta riƙe danshi har cikin rani.

Kogi, gulbi da ƙorama: ruwa mai gudu, babba ko ƙarami.

Gurbi: wuri mai zurfi a cikin kogi, inda ruwa ke saura bayan yashi ya bayyana.

Madatsar ruwa ko dam: tafkin da mutum ya samar ta hanyar datse kogi.

Akwai kuma ruɗani game da lokaci. Masu fassara sun saba kiran lokacin zafin Turai da suna bazara, alhali bazara a ƙasar Hausa tana kamawa ne daga Maris zuwa Mayu, gab da saukar ruwa. Watannin Yuni zuwa Agusta, da ɗaliban Turai ke fita tafkuna, su ne tsakiyar damina a Jigawa. Wannan bambanci yana da tasiri a kan irin binciken da zai yiwu a kowane wuri.

Asali a duniya

Ana ɗaukar masanin Suwizalan, François-Alphonse Forel, a matsayin wanda ya kafa fannin limnoloji. Ya shafe shekaru yana nazarin tafkin Janeba, ya wallafa sakamakon a mujalladi uku tsakanin 1892 da 1904. Daga wannan zamani ne jami'o'i suka fara gina tashoshin bincike a bakin tafkuna, inda malamai da ɗalibai ke tarewa lokacin hutu. A Amurka an buɗe tashar tafkin Flathead a 1899, Jami'ar Wisconsin kuma ta buɗe ta tafkin Trout a 1925.

Manyan sakamako biyu sun nuna darajar irin wannan zama a bakin ruwa. Na farko shi ne aikin Raymond Lindeman a wani ƙaramin tafki marar zurfi a jihar Minnesota. Ya bi diddigin yadda abinci ke tafiya daga tsirrai zuwa ƙwari, daga ƙwari zuwa kifi, aka wallafa aikin a 1942, shekarar da ya rasu yana da shekara 26. Aikin ya zama ginshiƙi a ilimin muhalli, ya kuma nuna cewa ƙanƙantar tafki ba ta hana a samo babban ilimi daga gare shi. Na biyu shi ne gwajin da David Schindler da abokan aikinsa suka yi a Kanada a 1973, inda suka raba wani tafki gida biyu da labule, suka zuba sinadarin fosforas a ɓangare ɗaya kawai. Ɓangaren ya koma kore shar da gansakuka. Wannan ya taimaka wajen kafa dokokin rage fosforas a sabulun wanki da ruwan ƙazanta.

A 1987 hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta ƙaddamar da shirin REU, mai ɗaukar nauyin ɗaliban digirin farko su yi bincike na makonni takwas zuwa goma, tare da masauki da alawus. A ƙarƙashinsa ne Jami'ar Arizona ta gudanar da shirin Nyanza a Kigoma ta ƙasar Tanzaniya daga 1998 zuwa 2007, inda ɗaliban Amurka da na Afirka suka riƙa yin aiki tare a tafkin Tanganyika.

A Najeriya

Binciken tafkuna a Najeriya ya samu gindin zama ne bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968. An kafa shirin bincike a New Bussa don lura da sabon tafkin, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR. A 1975 aka kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, a 1976 kuma aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da ta Haɗejiya da Jama'are mai hedikwata a Kano.

Hanyar da ɗalibi ke bi ya shiga irin waɗannan wurare ita ce shirin SIWES. Asusun horas da ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, shi ya ɓullo da shirin a 1973, bayan masu ɗaukar ma'aikata sun yi ta kokawa cewa ɗalibai na fitowa da karatu ba tare da sanin makamar aiki ba. Gwamnatin tarayya ce ke ba da kuɗi, ITF na gudanarwa tare da hukumomin da ke kula da jami'o'i, kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi. A jami'a akan yi wata shida, galibi a aji uku ga ɗaliban kimiyya, ko a aji huɗu ga masu karatun shekara biyar irin su aikin gona da kiwon kifi. A kwalejojin fasaha akan yi wata huɗu.

Makaranta tana ba ɗalibi wasiƙar neman gurbi, shi kuma ya kai ma'aikatar da yake so. Idan an karɓe shi, yakan riƙe littafin aiki da yake cikewa kullum, shugabansa na wurin aiki yana sa hannu, malami daga makaranta kuma ya zo duba shi. A ƙarshe ya rubuta rahoto, ya kare shi a gaban malaman sashensa. Wuraren da suka dace da mai sha'awar tafkuna sun haɗa da hukumar raya koguna, sashen kiwon kifi na ma'aikatar gona, hukumar ruwan sha, gonakin kifi da cibiyoyin bincike.

Hanya ta biyu ita ce binciken shekarar ƙarshe, inda ɗalibi ke zaɓar ruwa ɗaya ya riƙa zuwa a kai a kai. Daga cikin jami'o'in da ke kusa da kudancin Jigawa akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, da aka kafa a 2013, da Jami'ar Bayero ta Kano.

Ruwayen kudancin Jigawa

Birnin Kudu da Gwaram suna cikin masarautar Dutse, a ɓangaren Jigawa da ya fi samun ruwan sama. A nan akan samu har kusan milimita 1,000 a shekara, yayin da arewacin jihar ke samun kimanin 600. Ƙasar yankin tana kan tsohon dutse mai tauri, shi ya sa ake ganin duwatsu irin su Dutsen Habude na Birnin Kudu, mai ɗauke da zane-zanen mutanen da. Irin wannan ƙasa ba ta shanye ruwa kamar rairayin arewa. Ruwan sama yakan gangara da sauri, ya cika ƙoramu da kwaruruka, ya taho da laka mai yawa. Duk da haka ruwan da rana da iska ke ɗaukewa daga tafki a shekara ya zarce wanda sama ke zubarwa a kansa, don haka ruwa marar zurfi ba ya kai wa wata daminar sai da ƙyar.

Babban kogin yankin shi ne na Jama'are, wanda ake kira Bunga a samansa. Yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa Jihar Bauchi da yankin Gwaram, ya je ya haɗu da kogin Haɗejiya su zama Komadugu Yobe mai faɗawa tafkin Chadi. Wannan kogi yana da muhimmanci na musamman ga masu bincike. An datse kogunan da ke ciyar da Haɗejiya da madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, amma madatsar Kafin Zaki da aka tsara a kan Jama'are, a yankin Ningi, ba a kammala ta ba. Saboda haka Jama'are har yanzu yana yin ambaliyarsa da janyewarsa bisa ga damina. A ɓangaren Haɗejiya, inda ake sakin ruwa har da rani, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama mafakar tsuntsun jan baki mai cin hatsi. Kwatanta tafkunan kogunan biyu hanya ce ta gane abin da datse kogi ke jawowa.

Akwai manyan wuraren nazari da ke kusa. Tafkin Maladumba na ƙaramar hukumar Misau a Jihar Bauchi, da dausayin Baturiya a arewa maso gabashin Jigawa, duka sun shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun riga su shiga a 2000, su ne na farko a Najeriya. Kusa da Dutse kuma akwai madatsar Warwade. Dausayin Haɗejiya da Nguru yana karɓar tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai da hunturu, abin da ya sa ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a can.

Lokacin fita fili

Tafki ɗaya yana sauya kama sau huɗu a shekara, kuma kowane lokaci da abin da yake koyarwa.

Da damina ruwa yana cika, ya yi ja saboda laka, kifaye su fantsama cikin fadama su yi ƙwai. Lokaci ne mai kyau na nazarin hayayyafa, amma shi ya fi wahalar zirga-zirga.

Da kaka ruwa yana kwantawa ya fara washewa. Bado da kainuwa suna yaɗuwa, kifi kuma yana komawa gurabe.

Da hunturu iska mai sanyi tana huce saman ruwa. Ruwa mai sanyi ya fi nauyi, sai ya nutse, na ƙasa ya taso, tafki ya gauraya.

Da bazara zafi yana ƙaruwa, ruwa ya ragu, gishirinsa ya tattaru. A wurare masu zurfi ruwan sama mai ɗumi yakan zauna a kan na ƙasa ba tare da sun cakuɗu ba, har iskar oksijin ta ƙare a ƙasan.

Saboda haka sakamakon da aka samu a wata uku na damina ba ya wakiltar shekara. Binciken da ake yarda da shi yakan haɗa damina da rani, a riƙa komawa wurare guda a lokaci guda na yini.

Ayyukan da ake koyo

Tsara aiki

Kafin a taɓa ruwa, ana fara da tambaya guda mai iyaka, misali ko ruwan da ke kusa da gonakin rani ya bambanta da na tsakiyar tafki. Daga nan a zaɓi tashoshi uku zuwa biyar, kamar mashigar ruwa, tsakiya, mafita, da wurin wanki ko shayar da dabbobi, a ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS ko wayar hannu. A kowace tasha akan ɗebi samfuri fiye da ɗaya, domin kwalba guda na iya yaudarar mai bincike. Kowace kwalba sai an rubuta mata wuri, rana, lokaci da zurfi.

Awon ruwa

Zafi, tsami da gishirin ruwa ana auna su nan take da ƙananan na'urorin hannu. Yawancin kifayen ruwan daɗi suna jin daɗi idan ma'aunin pH yana tsakanin 6.5 da 9.

Hasken ruwa ana auna shi da faifan Secchi, wanda aka sa wa sunan masanin Italiya Angelo Secchi da ya fara amfani da shi a 1865. Faifai ne mai faɗin santimita 20, an raba shi huɗu da fenti fari da baƙi, an ɗaura masa igiya mai alamomi. Ana zura shi har ya ɓace, a rubuta zurfin, a jawo shi har ya bayyana, a rubuta, sannan a ɗauki tsakiya. Idan ya ɓace a santimita 42 ya bayyana a 38, awon shi ne 40. A nan akwai abin lura. A tafkunan Turai, duhun ruwa yawanci alama ce ta yawan gansakuka, kuma ma'aunan da ke littattafai da yawa an gina su a kan haka. A kudancin Jigawa da damina, laka ce ke rufe haske. Wanda ya ɗora wancan ma'auni a kan ruwan laka zai yanke hukuncin cewa tafki ya cika da taki, alhali zaizayar ƙasa ce matsalarsa.

Iskar oksijin da ke narke a ruwa ita ce ma'auni mafi muhimmanci ga rayuwar kifi. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuma kusan 7.5. Idan ta yi ƙasa da 5, kifaye da yawa suna fara takura. Tsirrai suna samar da ita da rana, dukkan halittu kuma suna shaƙar ta dare da rana, don haka ta fi ƙaranci da asuba. Shi ya sa mutuwar kifi a tafki ta fi faruwa da sassafe, kuma awon la'asar kaɗai yana ɓoye matsalar. Inda babu na'ura, ana amfani da hanyar Winkler ta 1888, inda ake zuba sinadarai a kwalbar tun a bakin ruwa, a ƙarasa awon a ɗakin gwaje-gwaje.

Naitirojin da fosforas ana auna su ne a ɗakin gwaje-gwaje, bayan an kai samfuri a kula da ƙanƙara. Tushensu a yankin shi ne takin zamani na noman rani, kashin dabbobi da sabulun wanki.

Ƙananan halittu

Filankton su ne ƙananan tsirrai da dabbobi masu yawo a ruwa, waɗanda ido ba ya gani sosai. Ana tace su da koma mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, a adana su da ruwan aidin ko fomalin, a ƙirga su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Su ne tushen abincin ƙananan kifaye. Wani jinsi daga cikinsu shi ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu a ruwan kududdufi, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. A ƙasan tafki kuma ana ɗibar taɓo a tankaɗe, a duba tsutsotsi da 'ya'yan ƙwari. Idan jajayen tsutsotsi masu jure ƙarancin iska suka yi rinjaye, alama ce ta ruwa mai ruɓaɓɓen datti.

Kifaye

Akasarin bayanan kifi ana samun su ne a wurin da masunta ke sauke kamu. Ɗalibi yana tantance jinsi, ya auna tsawo da nauyi, ya rubuta kayan da aka yi kamun da su, ko birgi, ko kalli, ko mali, ko ƙugiya. Kifayen da aka saba gani a ruwayen arewa sun haɗa da ƙarfasa, tarwaɗa, kurungu, kawara, bargi, minjirya da gaiwa. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iskar sarari, shi ya sa suke jure ruwan da wasu ba sa iyawa. Gaiwa ma takan binne kanta a cikin laka idan tafki ya ƙafe, ta jira damina.

Ana gane ƙoshin kifi da lissafin Fulton: a ninka nauyi na giram da 100, a raba da tsawo na santimita da aka ninka da kansa har gida uku. Kifi mai giram 100 da santimita 20 yana ba da 10,000 a raba da 8,000, wato 1.25. Ana kwatanta wannan adadi ne tsakanin kifaye masu jinsi ɗaya. Idan kuma kamun ya cika da ƙananan da ba su isa haihuwa ba, hakan na nuna ana amfani da koma mai ƙananan idanu.

Dodon koɗi da tsargiya

Tsargiya, wadda aka fi ganewa da fitsarin jini, tana yaɗuwa ne ta dodon koɗin ruwa. Jinsin Bulinus yana ɗauke da mai kama mafitsara, Biomphalaria kuma mai kama hanji. Ana kwaso su daga jikin ciyayi da matata mai dogon hannu, a sa kowane a ƙaramin kofi da ruwa, a ajiye a haske, a duba ko zai saki tsutsotsin. Wannan aiki yana nuna mashigar da ta fi haɗari ga yara masu wanka, bayanin da ke da amfani kai tsaye ga ma'aikatan lafiya.

Hulɗa da mutanen gari

Tafki a ƙasar Hausa yana da masu shi. Bisa al'ada ana fara gabatar da wasiƙar makaranta ga hakimi ko dagaci, shi kuma ya haɗa baƙi da mai unguwa da sarkin ruwa. Sarkin ruwa ne ya san lokacin da aka hana su, wurin da ke da zurfi ko kada, da masuncin da zai iya tuƙa kwalekwale. A wasu tafkunan ana rufe su har zuwa ranar da za a buɗe shi ga kowa, kuma wannan doka tana hawa kan mai bincike kamar yadda take hawa kan ɗan gari.

Masunta, makiyaya da manoman rani suna riƙe da tarihin ruwan: shekarun da ya ƙafe, kifayen da suka ɓace, lokacin da wata ciyawa ta fara bayyana. Inda babu rubutaccen awo na shekarun baya, wannan sani ne kaɗai ma'auni. Sai dai sunan kifi yana iya bambanta daga gari zuwa gari, suna ɗaya kuma kan haɗa jinsi da yawa, kamar yadda ƙarfasa da kurungu suke. Don haka ake rubuta sunan gida da na kimiyya tare, a ɗauki hoto. Ana kuma son a koma a shaida wa mutanen gari abin da aka gano, cikin harshen da suke ji.

Haɗari da kariya

Babban haɗari shi ne nutsewa. Kududdufan aikin hanya suna da gaɓa mai tsayi da zurfin da ba a zata, kwalekwale kuma yana kifewa idan an cika shi ko iska ta taso. Ƙa'ida ita ce kada mutum ya shiga ruwa shi kaɗai, kuma kowa ya sa rigar kariya ko da ya iya iyo. Tsutsar tsargiya tana ratsa fata cikin ɗan lokaci, ta kuma fi yawa da tsakar rana, don haka ake sa dogon takalmin roba da safar hannu. Wanda ya ga alamar cutar bayan aiki ya je asibiti, domin tana da magani. Sauran haɗarurran su ne zazzaɓin cizon sauro, maciji, zafin rana da tsawa. Fomalin guba ne, ba a shaƙar sa, ba a zubar da shi a tafki.

Tafiya da damina ma abin lura ce. A watan Agustan 2021 ambaliya ta karya wata gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, inda mota ta faɗa, matafiya suka rasa rayukansu. Masu shirya aikin fili sukan guji tafiyar dare ko ta bayan ruwa mai ƙarfi.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce gurbi. Wuraren da ke yin binciken ruwa kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan ɗalibai, sai da yawa su ƙare a ofishin da ba shi da alaƙa da karatunsu. Ta biyu ita ce kuɗi: alawus ɗin shirin ƙarami ne, kuma kuɗin mota, hayar kwalekwale, sinadarai da na gwaji sukan faɗa kan ɗalibi da iyayensa. Wannan yana tilasta rage yawan zuwa fili, abin da ke raunana sakamako.

Ta uku ita ce kayan aiki. Na'urar da ba a daidaita ta ba tana ba da lambobi marasa amfani, samfurin da ya kwana babu sanyi kuma yana sauyawa. Ta huɗu ita ce jadawalin karatu, wanda yajin aiki ke gusar da shi, kamar na wata takwas da malaman jami'a suka yi a 2022. Horon da aka shirya don rani yana iya faɗawa damina. Ta biyar ita ce rashin ci gaba: kowace shekara sabon ɗalibi yana auna ruwa daga farko, kundin ya tsaya a kan kanta, babu mai haɗa sakamakon shekaru a ga inda tafkin ya dosa. Ɗalibai mata kuma sukan fuskanci ƙarin cikas na masauki da izinin iyaye idan wurin aikin yana nesa.

Wasu daga cikin waɗannan ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Ana iya haɗa faifan Secchi a gida, ɗalibai da yawa suna iya raba kwalekwale ɗaya kowa da ɓangaren da yake nazari, sashe kuma yana iya tsayar da tashoshi na dindindin a tafki ɗaya ko biyu da kowane rukuni zai riƙa komawa.

Muhimmanci

Ga ɗalibi, horon yana buɗe hanyar aiki a kiwon kifi, hukumomin ruwa da muhalli, kiwon lafiyar al'umma da karatun gaba da digiri. Ga yankin kuwa, ƙananan tafkuna su ne abin dogaron masunta, makiyaya, manoman rani da masu yin tubali a watannin da babu ruwan sama. Yashi da laka suna cike madatsu a hankali, taki da maganin feshi suna gangarawa cikinsu, ciyayi suna mamaye gaɓa. Ba a gane saurin waɗannan sauye-sauye sai da awo na shekara da shekaru a wuri ɗaya. Haka kuma duk shawarar da za a yanke nan gaba a kan datse kogin Jama'are tana buƙatar bayanin yadda tafkunansa suke tun kafin a taɓa shi, kuma ɗaliban jami'o'in da ke kusa suna cikin waɗanda suka fi damar tattara wannan bayani.